Kunun Asabar a Rumde

Tun da na dawo daga Yola 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Wannan ya ce yaya zafin garin, wancan ya ce wai da gaske ne ni aka gani a hoto bisa keke da hular kwano, ni da ko kujera ba na takawa in sauya ƙwan fitila sai an riƙe mini. Da gaske ne, ni ne. Sai dai labarin ba ya faɗuwa tsakanin la'asar da magariba, ina yi ana katse ni da gardamar ƙwallo da ta siyasa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daga farko, kowa ya karanta, a bar ni in sha shayina cikin kwanciyar hankali.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ina da aboki a can, Hammadu, Bafulatanin cikin garin Yola, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare a nan Zariya, shi a gadon sama ni a na ƙasa. Ni ga surutu ga ci, shi ga shiru ga kunya, har yau ban san abin da ya haɗa jininmu ba. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Fillo. A shekarun da rikicin nan ya yi tsanani, lokacin da mutanen Mubi da Michika da Madagali ke kwararowa Yola da kaya a ka, bam ya tashi a bakin wata kasuwa a Jimeta. Ɗansa na fari, Buba, yana cikin waɗanda suka rasu. Na je ta'aziyya, na same shi zaune kan tabarma yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe ƙamas. Sunan yaron bai fito daga bakinsa ba, don dama can bai taɓa fitowa ba. Mu ma Hausawa muna da kunyar ɗan fari, amma tamu ta yi laushi, ni kaina nakan ƙwala wa nawa kira da sunansa in ya ɓata mini rai. Tasu ba haka take ba. Hammadu bai taɓa cin abinci da Buba ba, bai taɓa zama hira da shi ba, in zance ya kama dole sai ya ce "yaron nan".

Shekaru sun wuce muna gaisawa ta waya. Sai bana matarsa, wadda duk gidan ke kira Adda Dudu, ta kira ni da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam Sani," ta ce, "abokinka kam yana bushewa a zaune. Tun da ya ajiye aiki ba ya fita sai masallaci. Abinci sai na roƙe shi, ya yi loma biyu ya ture kwano. Likita ya duba bai ga komai ba, ya ce ya ci, ya motsa jiki. Ni ba ya jin nawa. Kai baƙo ne, ba zai iya ce maka a'a ba."

Na ajiye wayar hankalina a tashe. Ba na son in sake zuwa Yola in zauna kan wata tabarmar gaisuwa.

Na kama hanya da asuba, ta Bauchi da Gombe. Motar haya ce, an cusa mu kamar buhunan masara. Kusa da ni wata baiwar Allah ce da jarkar man ja a ƙarƙashin ƙafa, tana ta ba ni tabbacin murfin ya rufu. Kafin mu kai Gombe gefen farin kaftanina ya zama ja. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta ɓare mini dafaffen ƙwai har biyu, na karɓa na ci, don fushi ba ya fitar da man ja.

Daga Gombe zuwa Numan hanyar ta gwada mana ƙashi. Abin da na fi lura da shi shingayen sojoji ne. Wancan zuwan nawa na ta'aziyya, a kowane shinge sai an sauke mu, mu ɗaga hannuwa sama mu wuce buhunan yashi a ƙasa, babu mai taɓa waya, babu mai tari. Yanzu buhunan suna nan, wasu har ciyawa ta fito a kansu. A wajen gadar Numan wani matashin soja ya leƙo ya tambaye ni inda za ni. Na ce za ni in ba abokina abinci. Ya dube ni, ya dubi man jan da ke jikina, ya kwashe da dariya ya ce, "Baba, you be cook?" Ya buga bayan motar muka wuce.

Wanda bai je ba yana ɗauka Yola gari ɗaya ce. Biyu ne. Akwai Jimeta, inda tasha da kasuwa da ofisoshi suke, kowa na ihu da Hausar da babu ruwanta da mace ko namiji. Akwai kuma Yola ta asali, can gaba, inda ko akuya ba ta kuka da ƙarfi. Can na sami Hammadu tsaye a ƙofar zaure. Da ban san gidan ba da na wuce shi. Rigarsa ta zauna a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

"Jabbama, Kaɗo," ya ce. "Wa ya yanka ka a hanya?"

Na ji daɗin tsokanar, ko ba komai akwai sauran Fillon da na sani.

An sauke ni a ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Aka kawo tuwo da miyar yakuwa da kifi, ga kindirmo a ƙwarya. Na wanke hannu na matsa masa, sai na ga ya miƙe. Wai ya riga ya ci. A can ba a tsare baƙo da ido yana ci, a ajiye masa a ba shi wuri, ba irin namu ba da za a zagaye kwano ana ci ana musu. To ni yunwar hanya ta ci ni, na share kwanukan tas har na suɗe. Ba a jima ba sai ga wani tuwon. Na ce ikon Allah, na taɓa, na ƙarasa shi don kada a ce na raina. Sai ga na uku. A nan ne na jiyo dariyar Adda Dudu a bayan labule, ta ce, "Malam, a nan in baƙo ya suɗe kwano, bai ƙoshi ba ke nan. Ka rage ko kaɗan ne mu huta." Na kwana ina juyi da ciki kamar ganga.

Washegari Juma'a, Hammadu ya ɗan kishingiɗa bayan mun dawo masallaci, Adda ta same ni a bakin zaure, ta yi ƙasa da murya. Ta ce akwai wasu masu hawan keke duk Asabar, suna tashi daga Yola su zagaya Jimeta, suna tsayawa wuri-wuri suna ci suna sha. Ta ce in ce ina son zuwa, kuma kada in ce daga bakinta na ji. Ni da aka ambaci ci a wuri-wuri, ban tsaya tambayar komai ba.

Da na gaya wa Hammadu ina son zuwa sai ya dube ni.

"Kaɗo, da girmanka za ka bi titi kana tauna?"

"Da girman nawa na fi jin yunwa."

"Baƙo ba ya fita shi kaɗai," ya ce. "Zan raka ka. Amma ni ba na ci a titi, ka sani."

Na sani. Ɗan gidan mutunci a Yola ba ya tauna a gaban jama'a, ko ruwa ne sai ya kauce ya tsuguna.

Da sassafen Asabar muka fito tsakar gida muka tarar da kekuna biyu. Ɗaya nasa ne, baƙi mai nauyi irin na malaman da. Ɗayan shuɗi ne na zamani, an goge shi an yi masa iska, a jikin ƙarfen gaba an yi masa waldar wani ɗan zobe. Adda ta fito da tsohon fulas, ta zura shi cikin zoben ya zauna daram, ta ce mini, "In kun isa Rumde a cika mini da kunu." Hammadu ya dubi shuɗin keken, ya dube ta. Ta juya ta shige ɗaki. Ni kuwa ban fahimci komai ba, hankalina yana kan yadda zan ɗaga ƙafa in haye sirdi ba tare da na ji kunya ba.

A wani fili kusa da masallaci muka tarar da mahayan. Yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa, har da mata biyu, kowa da hular kwano da matsattsun kaya. Jagoransu wani magidanci ne mai suna Sa'adu. Yana ganin Hammadu ya cire hula ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Bappa." Da idonsa ya sauka kan keken da nake riƙe da shi sai fuskarsa ta canja. Ya ja ni gefe, wai zai gyara mini tsayin sirdi.

"Baba, ka san keken wa ne wannan?"

Na ce na gidan ne.

"Na Buba ne. Hanyan da za mu bi ma nasa ne. Lokacin da aka hana mashin a garin nan kowa yana kuka, shi ya je ya sayi wannan. Duk Asabar yana zagaya, ya ci a nan ya sha a can, mu abokansa muna masa dariya. Bayan ya rasu muka ce ba za mu bar hanyan ya mutu ba. Mun sha zuwa gida muna roƙon Bappa ya zo ko sau ɗaya. Bai taɓa zuwa ba."

Ashe da bakina na jawo abokina kan hanyar da ya yi shekaru yana gudu, kuma a kan keken ɗansa. Na ji haushin Adda, na ji haushin kwaɗayina. Na je na same shi na ce, "Fillo, wallahi ban sani ba. Mu koma gida."

"An riga an fito," ya ce. Ya tattare rigarsa ya hau.

Titin da ya haɗa Yola da Jimeta shimfiɗaɗɗe ne, Allah ya taimake ni. Sa'adu ya ba ni aron hular kwano, ya ce a tafi a hankali saboda dattawa. Duk da haka ba mu yi nisa ba sarƙa ta cafke ƙafar wandona ta yage shi har ƙwauri. Wata daga cikin matan ta ba ni robar ɗaure gashi na tamke abin da ya saura. Hammadu yana gabana, bayansa a miƙe, yana taka feda kamar mai zuwa aji.

Tsayawar farko wajen wata mai ƙosai ce a ƙarƙashin dogon yaro. Ƙosan na fitowa daga mai ana zuba masa yaji, kowa ya miƙa hannu. Hammadu ya karɓi kekena ya haɗa da nasa, ya matsa can gefe, ya juya mana baya yana kallon wasu shanu da ke kiwo. Na kai masa a takarda, ya girgiza kai ba tare da ya waiwayo ba. Na ci nawa, amma ban ji daɗin da ya kamata in ji ba.

Muka shiga Jimeta ta Bekaji, inda keke napep ke fitowa ta ko'ina kamar an tona gidan tururuwa. A nan akwai teburin wani mai shayi, Malam Iro, wanda ya ce kakansa daga Kano ya zo fatauci ya zauna. Wani manomi da ya ce daga Namtari yake ya jingine kekensa da buhu biyu a kariya, yana kallonmu yana mamaki. Ya tambaye ni kayan me muka kai. Na ce babu, hawa kawai muke yi. Ya ce, "Haka kawai? Ba a aike ku ba?" Ya girgiza kai ya ci gaba da shan shayinsa.

Malam Iro yana cikin juya shayi tsakanin kofuna biyu sai ya hango shuɗin keken da fulas a zobensa. Ya ajiye kofunan. Ya dube ni, ya ga furfura, ya ga ni na sauko daga kai, sai ya zagayo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Allahu akbar. Kai ne baban Buba. Sannu Baba, sannu. Ashe za mu gan ka."

Na buɗe baki zan gyara masa, sai idona ya haɗu da na Hammadu, yana tsaye riƙe da kekuna. Ya ɗan girgiza mini kai. Na dubi Sa'adu, shi ma ya sunkuyar da kai. Na gane. Fillo ba zai iya tsayawa a tsakiyar titi ya ce shi ne uban ɗan farinsa ba, kuma ba ya son a nuna shi. Haka na haɗiye maganata na zama baban Buba.

Malam Iro ya haɗa mini shayi mai kauri da soyayyen ƙwai, ya zauna yana ba ni labari. Ya ce a kan bencin nan Buba ke zama. Ya ce lokacin dokar hana fita, in yamma ta yi mutane suna gudun gida, shi ke tsayawa ya taya shi kwashe tebur. "Kuma kullum zancensa kai ne, Baba. Yana kwaikwayon yadda kake tsayawa a gaban allo, hannu ɗaya a baya. Yana cewa duk Yola babu mai rubutu mai kyau irin na babansa. Mu ce to ka gaya masa mana, ya ce a gidanmu ba a haka."

Rubutuna ni kamar kaza ta bi ta kan yashi yake. Mai kyawun rubutun yana tsaye taku kaɗan daga wurin, ya ba mu baya, yana jin komai. Na ga hannunsa ɗaya a bayansa, na ga ya sauke shi a hankali.

Daga Bekaji hanyar ta bi ta bakin kasuwar da abin ya faru. Babu wanda ya sanar da ni, jikina ne ya ba ni, don hirar mahayan ta ɗauke. Hammadu ya taka birki ya sauka. Kowa ya sauka. Muka tura kekunanmu a ƙasa. Babu wata alama a wurin. Masu lemo da kankana sun baza kaya, wani yana gardama da mai keke napep, rediyo na tashi a wani shago. Na yi ta neman abin da zai nuna cewa a nan rayuwar abokina ta karye, ban ga komai ba sai ɓawon lemo. Leɓunan Hammadu suna motsi, na san addu'a yake yi. Da muka wuce ya sake hawa.

A bakin kogi, kusa da gada, ake tsayawa cin gasasshen kifi. Rana ta riga ta ɗaga, kuma zafin Yola ba a ba da labarinsa, sai an ɗanɗana. Mai kifin shi ma ya yi mini gaisuwar da ba tawa ba, ya zaɓo mini mafi girma. Ina cikin cire ƙaya na ga Hammadu ya yi tangaɗi, ya dafa wani kwale-kwale da aka kife a kan yashi. Muka ruga. Fuskarsa ta yi fari, gumi na tsiyaya. Tun safe ko ruwa bai sa a bakinsa ba. Ya yarda ya zagaya bayan kwale-kwalen ya tsuguna ya kurɓi ruwa kaɗan, kifi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Sa'adu ya ce zai tare keke napep a mai da Bappa gida. Ni ma na sa baki, har da faɗa, na ce ban zo Yola don in kashe shi ba.

"Ta ce a cika mata fulas," in ji Hammadu. "Rumde ba nisa."

Rumde unguwa ce ta talakawa, lunguna da kwatoci da yara. A ƙofar wani gida, ƙarƙashin rumfar buhu, wata dattijuwa ke zaune da manyan tukwane biyu da benci ɗaya. Mama Kuve ake ce mata. Sa'adu ya gaya mini 'yar Michika ce, Kirista, da ƙafa ta iso Yola a shekarar gudun, ba ta koma ba. Kunun gyaɗa take sayarwa.

Ita ba keken ta fara gani ba, fulas ɗin ta gani. Ta miƙe da ludayi a hannu, ta zo ta zare shi daga zoben da kanta, ta juya shi, ta shafa wata lotsawa da ke gindinsa. Sannan ta dube ni.

"Baba, kai ne? Yesu. Zauna, zauna."

Na zauna, raina duk a dagule da wannan aron matsayi.

"Yaronka shi ne ya fara sayen kunu a hannuna," ta ce. "Lokacin ba ni da komai, tukunya ma na aro ne. Mashin babu, shi yana ɗauko mini gyaɗa daga kasuwa a bayan keken nan. Ni ba na kiransa Buba, Tizhe nake kiransa. A wurinmu yaron fari in namiji ne sunansa ke nan, kowa ya ji ya san shi ne ya buɗe ciki. Nawa Tizhe bai sauko daga dutse ba, ranan da muka gudu." Ta share ido da bakin zane, ta ci gaba. "Duk Asabar yana sha kofi ɗaya, ya ce Mama cika wannan, na babana ne. Na ce babanka ya zo ya sha da zafi mana. Ya ce babana ba ya cin abin titi. Mamana ne zai juye a kwanon gida, ya kai masa kamar a gida aka dama. Ya ce in babana ya sha ya ce kunun yau ya yi daɗi, ni ina bayan ƙofa ina ji." Ta yi dariya hawaye na zuba. "Yau kam asiri ya tonu, Baba."

Ta cika kofi ta miƙo mini. Kunu ne mai kauri, fari sol, da ƙanshin gyaɗar da aka ɗan soya, da tsamin tsamiya, ga ƙwayoyin alkama suna yawo a ciki. Na kurɓa. Ta tsare ni da ido.

"Yana nan kamar na da?"

Ban san na da ba. Ina riƙe da kofin ina neman ƙaryar da za ta fitar da ni, sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Hammadu ne ya saki kekunan biyu suka zube a ƙasa.

"Ba ni in ji," ya ce.

Ya karɓi kofin daga hannuna, ya zauna a kan bencin, a bakin titi, mutane na wucewa, mahaya duk suna tsaye. Ya yi bismilla ya kurɓa. Ya riƙe shi a baki kafin ya haɗiye. Ya sake kurɓa.

"Shi ne," ya ce. "Sai dai da alkamar ta fi haka yawa."

Mama Kuve ta riƙe haɓa. "Alkama ya yi tsada yanzu. Amma kai Baba, wa ya gaya maka?"

Ya ɗago ya dube ta. Muryarsa ta fito a hankali, amma kowa ya ji.

"Ni ne baban Buba."

Tun muna samari nake tare da mutumin nan, ranar ce na fara jin sunan a bakinsa. Sa'adu ya juya ya rufe fuska da hular kwanonsa. Ni ban ɓoye nawa ba, na bar su suka zuba, Bahaushe ne ni, babu wanda zai ce na karya wata doka. Mama Kuve ta dube ni, ta dube shi, ba ta tambayi dalilin wasan da muka yi mata ba. Ta ɗauki ludayi ta ƙara masa.

Mun daɗe a rumfar nan. Mahayan suka yi mana sallama suka ƙarasa zagayensu. Hammadu yana sha yana tambayarta. A wane gefen bencin yake zama? Yana yawan dariya? Yana sa sukari? Tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin ta kwaikwayi muryarsa. Na zauna ina kallon uba yana koyon ɗansa a wurin mai kunu, na yi ta tunanin nawa ɗan farin, da yawan abin da masu shayin Zariya suka sani game da shi wanda ni ban sani ba.

Komawa kam ba a keke muka yi ta ba, ƙafafuna sun riga sun yi yaji. Aka ɗaure kekunan a saman keke napep, muka shiga baya, fulas ɗin cike a kan cinyarsa ya riƙe shi da hannu biyu. Sai da muka fita hayaniyar Jimeta ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Bayan rasuwar, kunun Asabar ya canja. Na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa hannunta. Na ji nauyin in tambaya, kada in tayar mata." Ya shafa murfin fulas ɗin. "Ashe hannun da ke kawowa ne babu."

Adda Dudu tana tsaye a tsakar gida, da gani tun da muka fita ba ta zauna ba. Ta dubi yagaggen wandona, ta dubi mijinta, tana jiran faɗa ko shirun da ya fi faɗa ciwo. Ya taka har gabanta ya miƙa mata fulas ɗin da hannunsa.

"A juye a kwanon da aka saba," ya ce.

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige madafa. Shi kuma ya nuna mini tabarmar zaure ya ce, "Zauna, Kaɗo. Ba kai kaɗai ke da ciki ba."

To, masu tambayar hular kwano, kun ji inda na samo ta. Zafin Yola gaskiya ne, kifinsu ya fi namu, hanyar Numan kuma kada wanda ya bi ta da farin kaya. Amma in kun ce in faɗi abu ɗaya da na gani a tafiyar nan, kwanon nan ne. Wani tsohon kwanon sha ne mai murfi, fentin bakinsa ya ɗan ɓare. Adda ta kawo shi ta ajiye a gabansa, ta koma bayan labule. Ya buɗe, ya sha, ya sha, har ya ɗaga shi sama ya karkata, ya sa yatsa ya kwashe alkamar da ta maƙale a gindi. Ya ajiye shi tas, babu ko ɗigo.

Na riga na gaya muku abin da suɗaɗɗen kwano ke nufi a Yola. Labulen ya motsa, hannun Adda ya fito ya ɗauke shi, ta koma ta ƙaro.